Cocin Taull: gini na kan dutse, zanensa na birni

Na Damagaram: Assalamu alaikum mutanen gida. Kwana biyu kun ji ni ɗif, aikin tsinkar 'ya'yan itace ne ya riƙe mu a nan yankin Lleida na Sifaniya, sai makon jiya muka sauke. Dattijon da muke wa aiki ya ce tunda an gama lafiya, bari ya kai mu mu ga inda aka haifi mahaifiyarsa. Mu uku ya ɗauka a motarsa ranar Lahadi da asuba. Tun muna cikin gonaki har muka fara hawa, hanya ta dinga murɗewa kamar maciji, kunnena ya toshe. Sama da awa biyu muka yi kafin mu shiga wani kwari a duwatsun Firenis da ake kira Vall de Boi. Can ƙarshensa akwai ƙauye, a rubuce Taull, amma su in sun faɗa sai ka ji kamar Ta-uy. Tsayin wurin ya kusa mita 1,500. Ni da na fito da riga mai gajeren hannu, sai da dattijon ya ara min rigar sanyi.

A bakin ƙauyen akwai coci na dutse, Sant Climent, da hasumiya siririya mai hawa shida. Muka biya tikiti muka shiga. Ciki babu wani ado, ginshiƙai ne masu kauri na dutse da rufin katako, bangon gaba kuma duk ya koɗe, sai ɗan burbushin launi nan da can. Na ce a raina wannan muka yi wa doguwar tafiya? Sai aka kashe fitilu, wata na'ura ta haska bangon. Kafin ka ce kwabo layuka sun fara fitowa, launi na bin launi, shuɗi da ja da rawaya, har hoton wani mutum mai manyan idanu ya cika bangon yana kallonka. Bayan 'yan mintoci aka kunna wuta, komai ya ɓace, bango ya koma yadda yake. Na tambayi dattijon ina ainihin zanen, ya ce yana Basalona, an ɓamɓare shi shekara ɗari da suka wuce. Ya faɗa yana girgiza kai.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. A ƙofar an kafa allo cewa wurin gadon duniya ne na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. To wane gado, tunda abin da ake zuwa gani ba ya nan? Masu ilimi ku warware min.

Auta: Yaya Na Damagaram, ka je har can ba ka biya filin Barcelona ka ɗauko mana hoto ba, sai coci?

Na Damagaram: Auta, filin naku ya fi awa uku daga can a mota. Kuma kuɗin tikitinsa sai na yi kwana biyu ina tsinka.

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Na Damagaram, gani ya kori ji, mu a littafi kawai muka san wurin. Bari in ɗan shimfiɗa tarihin kafin a shiga gardama, don na ga Sarkin Gardama yana kan layi.

An keɓe cocin nan don ibada ranar 10 ga Disamba 1123. Ba ƙiyasi ba ne, an rubuta ranar a jikin wani ginshiƙi na cocin, tare da sunan wanda ya keɓe shi, Bishop Ramon na Roda da Barbastro. Washegari, 11 ga wata, ya keɓe coci na biyu a cikin ƙauyen, Santa Maria. Ka ga ƙauye ɗaya ƙanƙani, coci biyu cikin kwana biyu. Tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce, makiyaya da manoman kan dutse ina suka samu kuɗin ɗauko magina da masu zane na a-zo-a-gani? Ba su ne suka biya ba. Masu mulkin kwarin a lokacin wani gida ne na sarauta, gidan Erill, kuma masana tarihi suna danganta arzikinsu da ganimar yaƙe-yaƙen da suka bi Sarki Alfonso na ɗaya na Aragon, wanda ya karɓe birnin Saragoza daga hannun Musulmi a 1118. Shekara biyar ke nan kafin keɓe cocin.

Salon ginin daga arewacin Italiya ya zo, yankin Lombardiya. Alamarsa ita ce ƙananan bakuna da ake jerawa a jikin bango daga waje, da hasumiya mai kusurwa huɗu wadda tagoginta ke ƙara faɗi in ana hawa sama, don nauyi ya ragu.

Sarkin Gardama: Malam, Allah ya gafarta, ka ma riga ka ba ni makami. Ashe da dukiyar da aka kwaso daga Musulmin Andalus aka yi ginin. To ni me zai sa in tausaya don an kwashe musu zane? Abin da aka samu da kwasa ya tafi da kwasa.

Malam Mai Alli: Sarki, in da wannan ma'aunin za a bi, manyan gine-ginen duniya kaɗan ne za su tsira, har da wasu namu. Ganuwoyinmu su wa suka ɗebo ƙasarsu? Ba duka ne da yardarsu ba. Na kawo maganar ne don a san tushe, ba don a yanke hukunci a kan jikokin makiyayan da ba su ga ko ƙyallin ganimar ba.

Maman Alheri: Barkanku da yamma. Ni 'yar Katolika ce daga Kafanchan, ku ba ni dama in faɗi abin da hoton yake nufi a wurinmu, don Na Damagaram ya ce "wani mutum mai manyan idanu". Yesu Almasihu ne zaune cikin ɗaukaka. Hannunsa na dama a ɗage yana sa albarka, na hagu riƙe da buɗaɗɗen littafi, an rubuta da Latin abin da ke Yohanna 8:12, "Ni ne hasken duniya". A gefe da gefe akwai haruffan Girka biyu, Alfa da Omega, wato farko da ƙarshe. Ƙarƙashinsa an jera Maryamu da wasu manzanni. A ƙarni na 12 mutanen ƙauye ba su iya karatu ba, addu'ar kuma da Latin ake yi, ba harshensu ba. Bangon nan shi ne littafinsu. An zana shi daidai saman bagadi, inda fada, wato limamin coci, ke tsayawa, don duk wanda ya shigo idonsa ya sauka a can.

Shi ya sa ni ina tare da dattijon nan da ya girgiza kai. Ba don a rataye a gidan kallo aka yi shi ba. In ka raba shi da bagadi, ka mai da shi kayan ado.

Na Damagaram: Mama ki yi haƙuri, ban san yadda zan kira shi ba ne. Mu a wajenmu ba a zana annabawa, shi ya sa da na gane Annabi Isa alaihis salam ake nufi sai na ɗan sunkuyar da kai. Amma ba raini ba ne.

Maman Alheri: Babu komai ɗana, na fahimta. Ka ma yi ƙoƙari da ka shiga ka gani.

Hajiya Yaya: Ni fa har yanzu ban gane wani abu ba. Ta yaya ake ɓamɓare zane daga bango a kai wani gari? Bangon suka yanka suka ɗauka?

Ɗan Magina: Hajiya wannan fannina ne, bari in gwada. Da farko ki san yadda aka yi zanen. Ana yaɓa farar ƙasa a bango, tun tana ɗanya mai zane zai shafa launinsa. In ta bushe, launin ya zama jiki ɗaya da yaɓen, ba kamar fentinmu na yau da ke zama a sama yana ɓarewa ba. Shi ya sa yake kai shekara ɗari tara. Shuɗin nan da Na Damagaram ya gani ma daga wani dutse na yankin Firenis ɗin aka niƙa shi, aerinita suke ce masa.

Cirewar kuma dabarar 'yan Italiya ce, suna kiranta strappo, wato fizgewa. Sai a dafa gam na fata da ƙashin dabba, a jiƙa ƙyallaye a ciki, a manna su a fuskar zanen. In gam ɗin ya bushe yana tsukewa, sai ya kama fatar launin ta sama da ƙarfi fiye da yadda bangon ya riƙe ta. Sai a kama ƙyallen a ja a hankali, launin ya biyo shi, siriri kamar ɓawon albasa. A naɗe kamar tabarma. In an isa inda za a kai, a manna bayansa a sabon yadi da wani gam wanda ruwa ba ya narkarwa, sannan a zuba ruwan zafi a gaba, gam na farko ya narke, a ɗaye ƙyallayen. Daga nan a kafa shi a jikin katakon da aka lanƙwasa daidai siffar bangon asali. Ƙwararrun da suka yi aikin daga garin Bergamo suka zo, babbansu Franco Steffanoni. Lokacin babu titin mota zuwa can, da alfadarai aka sauko da kayan.

Burbushin da ya gani a bango shi ne launin da ya nutse cikin yaɓen, wanda ƙyalle bai iya ɗagowa ba.

Hajiya Yaya: Ikon Allah! Kamar yadda muke ɗaye lalle.

Ɗan Magina: Kusan haka Hajiya, sai dai a nan abin da ya biyo ƙyallen shi ake so.

Sarkin Gardama: To ai magana ta fito. Mutanen birni sun hau dutse da gam da tsumma, sun fizge abin talakawa sun tafi da shi. Meye bambancinsa da tagullar Benin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897? Sata dai sata ce, ko da alfadari aka ɗauka ko da jirgin ruwa.

Malam Mai Alli: A nan kam ban bi ka ba. Benin an shiga da bindiga ne, aka ƙone gari, aka kori Oba. Na Taull ciniki aka yi, an biya kuɗi, kuma da sanin hukumomin coci. Sannan ka ji abin da ya jawo shi. Har farkon ƙarni na 20 duniya ba ta san da zanen nan ba, wani sashensa ma allon bagadi na katako da aka kafa daga baya ya kare shi. A 1904 wani masanin gine-gine, Lluis Domenech i Montaner, ya je ya ɗauki hotuna. A 1907 cibiyar nazarin Kataloniya, wato yankin Sifaniya da Taull da Basalona ke ciki, ta tura ayari, ciki har da Josep Puig i Cadafalch, suka zaga cocin kan duwatsu suna rubutawa, aka fara buga littattafai da hotunan zanen. To ka san halin duniya, abin da masani ya nuna da yatsa, dillali ya gani. A 1919 aka sayar da zanen wani coci da ake kira Santa Maria de Mur, aka fizge shi da wannan dabarar, ya bi hannu ya bi hannu, a 1921 ya sauka a gidan tarihi na Boston a Amurka. Yana can har gobe. Da hukumar gidajen tarihi ta Basalona ta ga haka, ta san sauran ma suna kan hanya. Sai ta nemi kuɗi ta saye su, tsakanin 1919 da 1923 aka kwashe na Taull da na wasu cocin da dama. Joaquim Folch i Torres ne ya tsaya kan aikin. Da ba su yi ba, yau Na Damagaram sai ya nemi bizar Amurka kafin ya ga asalin.

Sarkin Gardama: Wato sun riga ɓarawo shiga ɗakin, suka kwashe kayan don kada ɓarawo ya samu. Mai ɗaki dai ya tashi babu kaya.

Auta: Sarki wallahi ba ka da dama.

Maman Alheri: Dariya na yi, amma akwai gaskiya a maganarsa. Malam ya ce an biya kuɗi. Wa aka biya? Kuma wa aka tambaya? Na san yadda abu ke tafiya a ƙananan ikilisiyoyi. Rufi na yoyo, baikon da masu ibada ke bayarwa ba ya isa sayen kyandir, sai baƙo ya zo da kuɗin da fada bai taɓa riƙewa ba ya ce tsohon zanen nan nake so. Tsohuwar da aka yi wa baftisma a ƙarƙashinsa, aka ɗaura aurenta a ƙarƙashinsa, babu mai jin ta bakinta. Cinikin mai yunwa da mai ƙoshi, ko an sa hannu a takarda, da sauran magana.

Malam Mai Alli: Wannan na karɓa Mama, ba musu. Abin da kawai nake ƙi shi ne a haɗa shi da Benin a kwando ɗaya.

Ɗan Magina: Akwai wani abu da ban ji an taɓo ba. Talaucin nan da Mama ta ambata shi ne ya adana ginin tun farko. Garuruwan da suka samu kuɗi a ƙarnonin baya sun rushe tsofaffin cocinsu sun gina na yayi. Su mutanen kwarin Boi, bayan zamanin gidan Erill ya wuce, ba su da abin rushewa da sakewa, ga dusar ƙanƙara tana rufe hanya watanni. Sai suka ci gaba da amfani da abin da suka tarar. Mu ma mun san wannan. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, da kuɗi suka zo a shekarun 1970 sai aka lulluɓe shi da ginin siminti, aka rasa wani sashe nasa. Yanzu mai son ganin kamanninsa na da daga waje sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, ya ga kwaikwayonsa. Kun ga namu a juye yake, asali a gida, kwaikwayo a gidan tarihi. Nasu asali a gidan tarihi, kwaikwayo a gida.

Malam Mai Alli: Ɗan Magina ka taɓa min inda ke ciwo, ni da nake sallar Juma'a a can.

Na Damagaram: To Malam ku dawo kan tambayata. UNESCO ɗin me ta sa wa hannu, tunda zanen ba ya nan?

Malam Mai Alli: Ginin ta sa wa hannu, kuma ba shi kaɗai ba. A ƙarshen Nuwamba na 2000 aka shigar da gine-gine tara na kwarin a matsayin abu ɗaya: biyu na Taull, sai na Boi, Erill la Vall, Barruera, Durro, Cardet da Coll, da wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada na Sant Quirc da ke saman Durro. Hujjar ita ce a kwari ɗaya ƙanƙani an samu coci da yawa na zamani ɗaya da salo ɗaya, suna tsaye a ƙauyukan da aka gina su dominsu, kuma suna nuna yadda fasaha ta tsallako duwatsu daga Italiya. Tun kafin nan ma, a 1931, gwamnatin Sifaniya ta ayyana Sant Climent cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Zanen da ke Basalona ba ya cikin iyakar abin da aka yi wa rajista, ko da yake shi ne ya yi wa wurin suna.

Hajiya Yaya: Kuma UNESCO na ba su kuɗi duk shekara ke nan?

Malam Mai Alli: A'a Hajiya, nan mutane da yawa ke kuskure. Suna ne da nauyi. Ƙasar da ta nemi a sa wurinta ita ke ɗaukar alkawarin kula da shi, bisa yarjejeniyar gadon duniya ta 1972. Akwai ɗan asusu da ake taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi, amma ba albashi ba ne. In ka yi sakaci ko ka cika wurin da sababbin gine-gine, a gargaɗe ka, in ka ƙi a cire ka. An cire kwarin Elbe na Dresden a Jamus a 2009 saboda gada, an cire Liverpool a 2021 saboda gine-ginen bakin ruwa.

Auta: Liverpool an kore su daga wannan gasar ma? Alhamdu lillahi.

Mai Kula da Zaure: Auta, ƙwallo ranar Asabar ne. A bar manya su yi magana.

Bagobiri Mai Taksi: Ni tambayata ta talaka ce. Mutanen ƙauyen sun ƙaru da wani abu ko kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi?

Na Damagaram: Abin da idona ya gani dai, sun ƙaru. Ƙauyen mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, amma ga masaukai ga gidajen abinci, motocin baƙi cike da fili. Sai dai ba cocin kaɗai ke kawo su ba, akwai wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara a sama da ƙauyen, ga kuma gandun daji na Aiguestortes kusa. Dattijon ya nuna min gidan kakanninsa, yanzu na wasu 'yan birni ne da ke zuwa hutu, tagogi a rufe. Ya ce ko yana so ba zai iya sayensa ba yau. Na hau hasumiyar ma, matakalar katako ce a tsaye kamar tsani, gwiwata na rawa. Daga sama kana hango kwarin gaba ɗaya, ya ce da can hasumiyoyin Taull da Boi da Erill suna ganin juna, in wani abu ya taso a sanar. Sai ta tuna min da hasumiyar masallacin Agadas, ita ma ka hau ka ga gari a tafin hannunka. Ita ma ai tsohon garin yana cikin jerin UNESCO tun 2013.

Maman Alheri: Ɗana, ana sujada a cikinsa kuwa?

Na Damagaram: Ranar Lahadi muka je Mama, ban ga alama ba, 'yan kallo ne kawai da mai karɓar tikiti. Amma a na biyun, Santa Maria da ke tsakiyar gidaje, na ga kujeru a jere da furanni, dattijon ya ce can mutanen gari ke zuwa. Shi ma zanensa na asali yana Basalona, kwaikwayo aka yi musu a bango.

Maman Alheri: Ka ji ko. Wanda ya fi suna ya zama na baƙi.

Sarkin Gardama: To ni dai a mayar musu da abinsu. Yanzu akwai titi, akwai wuta, akwai 'yan sanda, babu dillalin da zai zo da alfadari. Hujjar 1919 ta mutu. Jamus ma ta fara mayar da tagullar Benin a 2022.

Ɗan Magina: Tagulla ka sa a akwati ka ɗauka Sarki. Wannan fatar launi ce da ba ta kai kaurin farce ba, an riga an wahalar da ita sau ɗaya, ta shekara ɗari manne da yadi da katako a ɗakin da ake auna zafinsa da laimarsa. Ka mayar da ita cocin dutse inda hunturu ke daskarar da ruwa, bazara kuma baƙi su cika shi da numfashi, cikin 'yan shekaru za ka ga tana tashi. Kuma in ka manna ta a bangon, ka rufe burbushin asali da ya rage a wurin. Dalilin da ya sa ke nan a 2013 suka cire kwaikwayon da ke rufe da bangon, suka gyara abin da ya saura, suka koma haskawa da na'ura. Haske ba ya taɓa bango. A ganina wannan dabara ce mai kyau, don ba ta yi wa kowa ƙarya, kana ganin abin da ya rage, kana ganin yadda yake da, sannan a kunna fitila ka san an ɗauke shi.

Sarkin Gardama: Kullum masu riƙe da kayan mutane hujjarsu ke nan, in an taɓa zai lalace.

Malam Mai Alli: Abin dariyar shi ne gidan tarihin na Basalona ya shiga irin wannan shari'ar, amma ba da mutanen Taull ba. Akwai gidan 'yan zuhudu a Sijena, yankin Aragon, da aka ƙona a farkon yaƙin basasar Sifaniya a 1936. Aka je aka fizge zanen da wuta ta bari aka kai Basalona. Aragon ta kai ƙara, kotun Huesca ta ba ta gaskiya a 2016, kotun ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa a mayar. Gidan tarihin kuma ya ce zanen da ya sha wuta ba zai jure tafiya ba. Bambancin shi ne na Sijena kotu ta ce ba a saye shi ba, ajiya ce. Na Taull kuwa saye ne, kuma daga Kataloniya zuwa babban birnin Kataloniya ya tafi, shi ya sa ba ka jin hayaniya irin waccan. Mutanen yankin da yawa suna alfahari da shi a inda yake, kamar tutarsu ce.

Bagobiri Mai Taksi: Wanzami dai ba ya son jarfa.

Hajiya Yaya: Ni abin da ya ba ni tausayi wanda ya yi zanen. An san sunan bishop, an san sunan masu kuɗi, an san sunan wanda ya fizge. Shi fa?

Malam Mai Alli: Ba a san shi ba Hajiya. A littattafai Gwanin Taull kawai ake ce masa.

Na Damagaram: Na manta ban faɗa muku ba, ba duka aka kwashe ba. Can sama a gefe akwai wani ɗan zane da ya tsira a wurinsa, mutum biyu, ɗaya ya ɗaga hannu kan ɗaya. Mai tikitin ta ce 'ya'yan Adamu ne. Na ce mata ai mun san su, Habila da Ƙabila, suna cikin Suratul Ma'ida. Ta yi mamaki ƙwarai, ta sa na maimaita mata sunayen har sau biyu tana gwada faɗa, ƙaf ɗin ya gagare ta.

Maman Alheri: Kayinu da Habila muke cewa, Farawa sura 4. In Allah ya kai ka Basalona ka shiga gidan tarihin nan da ke kan tudun Montjuic ka gano mana na asalin. Ka tsaya a gabansa ka gaya min ko idanun suna bin mutum kamar yadda ake faɗa.

Na Damagaram: In sha Allahu Mama. Wata mai zuwa zan sauka can sabunta takarduna, in layi bai cinye min yini ba zan biya.

Auta: Yaya in ka je dai ka san sauran.

Na Damagaram: Na ji Auta, daga waje zan ɗauko maka.